Sauya mataimaki kafin tazarce: lissafin ƙuri'a ne ko lissafin gado?

A watan Yunin 2025 jiga-jigan APC na Arewa maso Gabas suka yi taro a Gombe, taron kuma ya watse cikin hayaniya da jifa da kujeru. Abin da ya jawo haka kaɗan ne a baki: mataimakin shugaban jam'iyyar na shiyyar, Mustapha Salihu, ya tashi ya ce sun amince Bola Tinubu ya sake tsayawa, bai haɗa da sunan mataimakinsa Kashim Shettima, ɗan Borno, ba. Mutanen Borno da ke cikin zauren suka ɗauki wannan shirun a matsayin sanarwa. Tun daga ranar zancen ya fito fili, ya shiga gidajen rediyo, ya shiga majalisun dare a unguwannin Sakkwato irin su Mabera da Arkilla da Runjin Sambo: shin ya dace shugaban da ke neman wa'adi na biyu ya ajiye mataimakinsa ya ɗauko wani?

Ta fuskar doka babu wata gardama. Sashe na 142 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya zaɓi abokin takara daga jam'iyyarsa, in ba haka ba takararsa ba ta inganta ba. Bai ce dole ya maimaita wanda ya ɗauka a karon farko ba. Abin da shugaba ba shi da ikon yi shi ne korar mataimaki a tsakiyar wa'adi. Obasanjo ya gwada bayan Atiku Abubakar ya koma jam'iyyar AC a ƙarshen 2006, Kotun Ƙoli ta ce masa a'a a watan Afrilun 2007. Tsige mataimaki aikin majalisa ne, ta hanyar sashe na 143, hanya ce mai tsawo da wuya. Saboda haka ƙofa ɗaya ce tak shugaba yake da ita in ya gaji da mataimakinsa, ita ce ranar miƙa sunaye ga hukumar zaɓe. Shi ya sa duk shekarar da ta gabaci zaɓe wannan zance ke tasowa.

Amma har zuwa zaɓen 2023 babu shugaban Najeriya mai ci da ya bi ta wannan ƙofar. Alhaji Shehu Shagari ya tafi da Alex Ekwueme a 1979, ya koma da shi a 1983. Obasanjo ya riƙe Atiku a 2003 duk da cewa zukata sun riga sun ɓaci, domin gwamnonin PDP da yawa suna bayan Atiku, ajiye shi kuma na iya cinye tikitin Obasanjon kansa. Jonathan ya tafi da Namadi Sambo a 2011 da 2015. Buhari ya sauya abokin takara kowane zaɓe lokacin da yake adawa, daga Chuba Okadigbo zuwa Edwin Ume-Ezeoke zuwa Tunde Bakare, amma da ya hau mulki da Yemi Osinbajo bai taɓa shi ba a 2019. Abin da ya sa mutane ba su kwantar da hankali a wannan karon ba shi ne tarihin Tinubu a Legas, inda ya yi aiki da mataimaka uku cikin shekara takwas: Kofoworola Bucknor-Akerele, Femi Pedro, sai Abiodun Ogunleye na 'yan kwanakin ƙarshe.

Hujjar farko ta masu son sauyi ita ce ƙuri'a. Suna cewa a kai kujerar inda masu zaɓe suka fi yawa, wato nan Arewa maso Yamma, inda aka yi wa mutum sama da miliyan 22 rajista kafin zaɓen 2023, daga cikin miliyan 93 da ɗoriya na ƙasar baki ɗaya. A ɗauko wani mai jama'a daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, sai ya zo da jama'arsa. Wannan lissafi yana da daɗin faɗi, sai dai sakamakon zaɓuɓɓukanmu bai goya masa baya ba. Namadi Sambo tsohon gwamnan Kaduna ne, yana kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa, amma Buhari ne ya ci Kaduna a 2011 da 2015. Ifeanyi Okowa yana gwamnan Delta Atiku ya ɗauke shi a 2023, Peter Obi ya cinye Delta. Datti Baba-Ahmed, abokin takarar Obi, ɗan Zariya ne, amma Atiku ya ci Kaduna. Osinbajo yana mataimaki a 2019 Oyo da Ondo suka tafi wa Atiku. Shi kansa Shettima jiharsa ta Borno kawai ya kawo, sauran jihohi biyar na shiyyarsa, har da Yobe da ke maƙwabtaka da shi, duk Atiku suka zaɓa. Talaka idan ya shiga layi, fuskar mai neman shugabanci yake dubawa, sai ta gwamnansa da ta ɗan majalisar da ya san gidansu. Kaɗan ne ke dangwala wa jam'iyya saboda na biyu.

Inda lissafin ke da ƙarfi shi ne ta ɗaya gefen, kuma nan ne nake ganin masu neman sauyi ba sa tsayawa su duba da kyau. Mataimaki ba ya cika kawo ƙuri'a, amma wanda aka wulaƙanta yana iya kwashe ta. A watan Mayun 2022, a taron fid da gwani na PDP a Abuja, Aminu Waziri Tambuwal ya janye wa Atiku, gwamnan Ribas na lokacin Nyesom Wike ya zo na biyu. Wike ya sa rai da kujerar mataimaki, aka ba Okowa. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: gwamnonin PDP biyar, har da Wike, suka ja daga, Atiku kuma bai ci ko ɗaya daga cikin jihohinsu ba, Ribas da Oyo da Binuwai suka tafi wa Tinubu, Abiya da Inugu suka tafi wa Obi. Wike ma ba a kan kujerar yake ba, hana shi aka yi. Ina ga wanda ya shekara huɗu a kanta, ya san sirrin gwamnati, yana da ministoci da shugabannin hukumomi da ya kawo, sannan a ce masa ya tattara?

Mu mutanen Sakkwato ba ma buƙatar a kai mu Ribas kafin mu gane wannan. Sau biyu muka gani da idonmu.

Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ake kira Alu, ya yi wa gwamna Attahiru Bafarawa mataimaki tun 1999, aka sake zaɓensu tare a 2003. Daga baya dangantaka ta yi tsami, aka fara shirin tsige shi, ya ajiye muƙamin a watan Maris na 2006. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Shekara ɗaya bayan haka shi ne gwamna, a ƙarƙashin PDP, ya kayar da Maigari Dingyaɗi na DPP wanda Bafarawa ya tsayar. Tausayin da jama'a suka ji masa, na cewa an zalunci mutum mai sakin hannu da sakin fuska, ya zame masa jari mafi girma da ya taɓa samu, kuma har yau gidansa na Gawon Nama ba ya rabuwa da mutane. Sai aka sake maimaitawa da wani salo. A watan Agustan 2018 Tambuwal ya bar APC ya koma PDP, mataimakinsa Ahmad Aliyu ya ƙi bin sa, ya sauka a watan Nuwamba, ya tsaya takara da maigidan nasa na jiya. Zaɓen 2019 bai kammala a zagayen farko ba, da aka ƙarasa shi Tambuwal ya ci da tazarar ƙuri'a 342 kacal, a zaɓen da kowannensu ya samu sama da dubu 500. A 2023 Ahmad Aliyu ya shiga gidan gwamnati. Gaskiya ne a duka biyun ba wai gwamna ne ya zauna ya sauya abokin takara kawai ba, rabuwar ta fi haka zurfi. Amma darasin ɗaya ne. Mataimakin da ya fita da tabo ba gida yake komawa ya kwanta ba, tare da rabin jam'iyya yake fita.

Wani dare a wata majalisa da ke kusa da tsohuwar kasuwa na ji wani saurayi mai sayar da kayan waya yana ta kare ra'ayin sauyi da zafi. Ya dubi wani dattijo da ya yi wakilin akwati tun zamanin NPN ya ce, "Baba, in an canza shi mi za ya ragu? Ai ba shi ka mulki ba." Dattijon ya ajiye kofin shayinsa a kan benci, ya ce, "Ɗana, kana da shekara nawa sadda Alu ya aje aiki?" Saurayin ya ce yana firamare. Ya ce, "To ka tambayi babanka wa ya zaɓa a 2007, kuma ka tambaye shi dalili." Saurayin bai ja ba, domin ya san amsar. Kuma ya kamata a tuna cewa a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 tazarar da ke tsakanin Atiku da Tinubu a jihar nan ba ta kai ƙuri'a dubu huɗu ba. Jihar da ake cinta da irin wannan ratar, ɓacin ran 'yan mazaɓu kaɗan ya isa ya juya ta.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ba kuma zan yi kamar ban ji ta ba. Ita ce ta addini. Tun bayan Abiola da Kingibe a 1993 babbar jam'iyya ba ta sake cin zaɓe da Musulmi biyu ba sai a 2023. Kiristocin Arewa da yawa sun ji an ce musu ba a bukatarsu. Babachir Lawal da Yakubu Dogara sun fito fili sun yi adawa da tikitin alhali suna cikin APC, Bishop Matthew Kukah da ke zaune a nan Sakkwato ya soke shi, sakamakon Filato da Nasarawa da Abuja kuma ya nuna cewa ba fushin manya kaɗai ba ne. Mutumin da ya ga shekara takwas za su wuce babu mai addininsa a kujeru biyu na sama yana da haƙƙin ya tambaya ko ƙasar tasa ce shi ma. Duk Musulmin da ya yi adalci zai gane wannan, domin da mu aka yi wa haka da ba mu yi shiru ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ƙin ɗaukar mutum tun farko da cire shi bayan an ɗauke shi. Da a 2022 aka haɗa Musulmi da Kirista, da an yi gunaguni an wuce. Yanzu kuwa, cire Musulmin Arewa mai ci don a sa Kirista, masu wa'azi da masu siyasa za su karanta shi a matsayin an karɓi ƙuri'armu an juya mana baya, alhali fiye da rabin ƙuri'u miliyan 8.79 da Tinubu ya samu daga jihohin Arewa 19 suka fito. Na ji tsoron irin kalaman da za a yi ta yi a kan mumbari da dandalin kamfe, na ɓangarorin biyu, kuma waɗanda za su ɗanɗana kuɗarsu ba 'yan siyasar Abuja ba ne, maƙwabta ne a Kaduna da Jos da Tafawa Ɓalewa. Koken Kiristocin Arewa yana da amsoshi da suka fi wannan tasiri a rayuwarsu ta kullum: adalci wajen naɗe-naɗe, filin gina coci a garuruwan da aka daɗe ana hana su, da hukunta duk wanda ya kashe mutum ko wane ne shi. Kujerar mataimaki ba ta ba Kiristocin ƙasar nan tsaro ba lokacin da Osinbajo, wanda fasto ne, yake kanta, kamar yadda shekara takwas na Buhari ba su hana a kashe Musulmi a Zamfara da Katsina ba.

Duk wannan lissafin ƙuri'a ne, kuma abin da ya fi damuna da muhawarar shi ne ta tsaya a nan. Mun saba kallon mataimakin shugaban ƙasa kamar waziri, kuma a Sakkwato mun san mene ne waziri. Tun daga Gidado ɗan Laima a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har zuwa Waziri Junaidu, gidan wazirci gidan ilimi ne da shawara da rubuta wasiƙu da sasanta sarakuna. Amma waziri ba ya gadon sarauta. Tsarin mulkinmu kuwa ya haɗa wa mutum ɗaya wazirci da gado. Sashe na 146 ya ce in shugaba ya rasu, ko ya sauka, ko aka tsige shi, ko ya gaza, mataimaki ne shugaba, ba tare da an sake tambayar kowa ba.

Ba labarin nesa ba ne. A 2007 an ɗauko Goodluck Jonathan daga Bayelsa don a kwantar da hankalin yankin Neja Dalta, kusan babu wanda ya auna shi da ma'aunin shugaban ƙasa. A watan Nuwamban 2009 Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya bai miƙa wa majalisa takarda ba, ƙasa ta yi wata biyu da rabi babu tabbacin mai riƙe da ita, sai a ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta ayyana Jonathan muƙaddashi. Ranar 5 ga Mayu Allah ya yi wa Umaru rasuwa. Zaɓin da aka yi cikin 'yan kwanaki don daidaita shiyyoyi shi ya yanke wa Najeriya wanda ya mulke ta shekara biyar, ya kuma hargitsa tsarin karɓa-karɓar da PDP ta ginu a kai. A jihohi ma haka: Ibrahim Gaidam ya gaji Mamman Ali a Yobe a 2009, Ramalan Yero ya gaji Patrick Yakowa a Kaduna a 2012.

Amurka, inda muka aro wannan tsari, tana da misalai biyu da suka fi kowane bayyana abin. A 1864 aka ajiye Hannibal Hamlin, mataimakin Abraham Lincoln, aka ɗauko Andrew Johnson ɗan kudu don a jawo ƙuri'a ana tsakiyar yaƙin basasa. Aka ci zaɓe, aka harbe Lincoln a Afrilun 1865, Johnson ya hau, ya yi ta takun-saƙa da majalisa yana kare tsoffin masu bayi, har aka gurfanar da shi don tsigewa a 1868, ya tsira da ƙuri'a ɗaya. A 1944 kuwa manyan jam'iyyar Franklin Roosevelt sun ga jikinsa ya yi rauni, sun san wanda za su zaɓa mataimaki mai yiwuwa shi ne shugaba, suka ajiye Henry Wallace suka ɗauki Harry Truman. Kwana 82 bayan rantsuwa Roosevelt ya rasu. Na farko an yi sauyin ne da tambayar wa zai kawo ƙuri'a, na biyu da tambayar wa zai iya riƙe ƙasa. A ganina tambaya ta biyun ce kaɗai ta isa ta halatta sauya mataimaki.

Don haka ba na cikin masu cewa kada a taɓa sauyawa ko me ya faru. Riƙe mataimakin da aka daina yarda da shi ma masifa ce. Wa'adin Obasanjo da Atiku na biyu ya ƙare ne a tonon silili kan kuɗin asusun PTDF da zaryar kotu, fadar shugaban ƙasa ta rabu gida biyu, ayyukan gwamnati suka koma makamin faɗa. A Ghana, Jerry Rawlings ya rabu da Kow Arkaah bayan rikicinsu ya fito fili, ya ɗauki John Atta Mills a 1996, ya ci zaɓe, Mills kuma daga baya ya zama shugaban ƙasa. In mataimaki ya kamu da ciwon da ya hana shi aiki, ko an kama shi da cin amanar dukiyar jama'a, ko ya zama yana yaƙar gwamnatin da yake ciki, riƙe shi saboda tsoron fushin shiyyarsa zalunci ne ga ƙasa. Amma irin waɗannan dalilai ana iya faɗinsu a gaban jama'a da rana tsaka. Dalilin da sai a ɗaki ake raɗa shi, wanda ba a iya fitowa rediyo a kare shi, shi ne nake zargi.

Kuma ina ganin na san dalilin da ake raɗawa a wannan karon. Shugaban da ya ci wa'adi na biyu ba zai sake tsayawa ba, kuma bisa fahimtar da ke tsakanin 'yan siyasa, wadda ba a rubuce take ba, mulki zai dawo Arewa a 2031. Wanda ke kujerar mataimaki a lokacin zai shiga takara da jirgin gwamnati da jami'an tsaro da sanayyar gwamnoni. Gwamnoni da ministocin Arewa da ke hangen 2031 sun san haka, shi ya sa wasu ke son kujerar, wasu kuma ke son a ba wanda ba zai zame musu barazana ba. Yawancin hayaniyar daga nan take fitowa, ana lulluɓe ta da sunan shiyya ko addini. Ko shi wannan hangen ba tabbas gare shi ba. Atiku ya nemi shugabanci sau da dama bayan ya bar kujerar bai samu ba. Osinbajo, wanda ya riƙe ƙasa watanni a 2017 har ya sallami shugaban DSS Lawal Daura a 2018, na uku ya zo a zaɓen fid da gwani na APC a 2022, da ƙuri'a 235, Tinubu na da 1,271.

Sannan akwai tambayar da manomin Sabon Birni ko Isa ko Tangaza zai yi, wanda 'yan bindiga ko Lakurawa suka hana shi zuwa gona, yake biyan haraji ga ɓarayi kafin ya girbe geronsa: in an sauya, me zai sauya mini? Amsar gaskiya ita ce kaɗan. Mataimakin shugaban ƙasa ba ya ba soja umarni. Yana zama a majalisar tsaro, yana shugabantar majalisar tattalin arziƙi ta ƙasa inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke haɗuwa, sauran aikinsa kuwa, bisa sashe na 148, abin da shugaba ya ga dama ya ba shi ne. Obasanjo ya sakar wa Atiku harkar sayar da kamfanonin gwamnati a wa'adin farko, ya karɓe kusan komai a na biyu. Don haka ko ɗan Sakkwato aka ba kujerar gobe, in shugaba bai sakar masa aiki ba, hanyar Marnona zuwa Isa ba za ta yi lafiya saboda shi ba. Abin da ya kamata shugabannin shiyyar nan su tsaya a kai, in an zauna cinikin siyasa, shi ne yawan dakarun da za a girke a gabashin jihar da bakin iyakar Nijar, da kuɗin gyaran madatsar ruwan Goronyo da noman rani na fadamar Rima, da wa'adin kammala hanyoyin da aka fara. Waɗannan ana iya rubuta su, a sa hannu, a bibiye su a kasafin kuɗi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shigo a 2022 wadda ta cancanci a taka mata birki, ta miƙa wa hukumar zaɓe sunan ɗan riƙon ƙwarya. Tinubu ya fara ba da sunan Ibrahim Masari, Obi ya ba da na Doyin Okupe, daga baya kowannensu ya janye aka sa na gaskiyan. Wakilan jam'iyya ba su kaɗa wa mataimaki ƙuri'a a wurin taro, mutum ɗaya ne ke zaɓensa da 'yan fadarsa, sau da yawa cikin gaggawar cika wa'adin hukuma. Wamakko ya shiga majalisar dattawa tun 2015, Tambuwal kuma a 2023, ɗaya ya taɓa zama mataimakin da aka tura waje, ɗaya ya taɓa zama gwamnan da mataimakinsa ya bar shi. Su da takwarorinsu suna da damar neman a gyara dokar zaɓe ta yadda za a haramta riƙon ƙwarya, a kuma wajabta wa kowane ɗan takara, mai ci ko mai nema, ya bayyana abokin takararsa a gaban babban taron jam'iyya, wakilai su amince da shi kafin sunan ya isa hukumar zaɓe.